Farcen Tsumma da Filayar Yaya

Kwana uku kacal Auta ta yi ba ta gida, makarantar da take koyarwa ta tura ta kwas. Ta dawo ta tarar da Tsumma, 'yar kyanwar da ta tsinta a bayan shagon tela wata huɗu da suka wuce, a maƙale ƙarƙashin gado. Da ƙyar ta jawo ta. Ƙafar gaba ta dama ta kumbura suntum, wani abu fari-fari ya bushe ya rufe yatsun, ga wari na tashi.

Dama can Tsumma da matsalarta ta zo duniya. Farcenta ɗaya ba ya miƙewa, lanƙwashewa yake yi ya koma ya soki tafin ƙafar. Likitan dabbobi ya koya wa Auta datse bakinsa kaɗan duk bayan mako biyu. Kafin ta tafi sai da ta ja kunnen yayanta, kafinta mai shago a ƙofar gidansu: abinci da ruwa kawai, kada ya taɓa ƙafar. Har sau biyu ta faɗa. Ashe da bango ta yi magana.

Ko takalmi ba ta sake ba, ta naɗe Tsumma a tawul sai asibitin dabbobi. Likitan ya jiƙa ƙafar da ruwan ɗumi, ya ɓanɓare farin abin nan a hankali, mugunya ta biyo baya. Ya ɗago ya dube ta ta saman tabarau.

"Malama, wannan ai gam ne, gam ɗin katako. Kuma farcen ba yanke shi aka yi ba, tumɓuke shi aka yi. Yatsan ya ruɓe, dole mu cire shi. Da kin ƙara kwana biyu, da maganar ƙafar gaba ɗaya muke yi."

Awa biyu ta yi a kan benci tana jira, tana cika tana batsewa. Mutum da gemunsa, da hankalinsa, a bar masa amanar abin da bai kai tafin hannunsa ba ya kasa! Da aka miƙo mata Tsumma da ƙafa a naɗe da bandeji, kanta na lilo saboda allura, sai da hawaye suka zubo mata, kuma na takaici ne zalla.

Ta sami yayan nata a shago yana goge ƙafar tebur, garin katako har gira. Ta ture gwangwanin ƙusa gefe, ta shimfiɗe Tsumma a kan teburin aikinsa.

"Yaya, dubi aikinka."

"A'a, Auta, kin dawo? Me ya same ta kuma?"

"Ni kake tambaya? Me na ce maka kafin in tafi?"

Ya sosa ƙeya. "Kuka take ta yi, tana ɗingishi. Na duba na ga farcen ya lanƙwashe ya shige nama. To ƙusa in ta lanƙwashe a cikin katako ai ba a lallashinta, zare ta ake yi. Na sa filaya, sau ɗaya tak. Jini ya ƙi tsayawa, na shafa gam."

"Ƙusa! Kyanwar ce katako? Yatsa guda aka yanke mata, Yaya, yatsa! Garin neman gira an rasa ido. Waya na aljihunka, kiran minti ɗaya ya gagare ka? A'a, kai ne sarkin gyara. Komai ka gani sai ka ɗauko guduma, ko ciwon kai ne."

"Wallahi taimako na yi niyya."

"Taimakonka ya fi mugunta ciwo."

Bai taɓa jin irin wannan daga bakin ƙanwarsa ba. Ya dubi bandejin, ya dubi 'yar kyanwar da ko motsin kirki ba ta yi, fuskarsa ta canza. Amma taurin kai ba ya mutuwa rana ɗaya.

"Gam ɗin nan fa yana aiki," ya ce a hankali. "Shekara ashirin da shi nake rufe ciwo. Ko makon jiya da zarto ya ci ni, shi na sa. Kin gani?"

Ya zare tsohuwar safar hannun hagu ya miƙo mata, yana jiran ta yarda. Babban yatsansa ya yi biyun ɗan'uwansa. Gam ya bushe fari a kai, gefen ya yi baƙi, kumburin ya haura har wuyan hannu. Warin da ta shaƙa a ƙarƙashin gado shi ne ya sake dukan hancinta.

Tsoro ya shigi Auta, sai ya koma fushi, wanda ya ninka na ɗazu. Ta ɗauki robar gam ɗin ta yi jifa da ita cikin kwandon shara, ta saɓa Tsumma a kafaɗa, ta damƙi hannun rigarsa.

"Rufe shagon nan."

"Auta, mai teburin nan gobe zai..."

"Ya ci abinci a ƙasa! Na kai ɗaya an yanke, ba zan zauna a kan benci sau biyu a rana ɗaya a gaya mini na makara ba. Wuce mu tafi asibiti."

Ya buɗe baki zai yi musu, ya dubi idonta, ya laluba aljihu da hannun dama yana neman makulli.