Mita Talatin Daga Bakin Ruwa

A yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba, karanta na wasu kawai na iya. Sau uku ina yaga farkon wannan. In an ga kuskure nawa ne, ba na matar da zan ba da labarinta ba.

Tela ce, mijinta ya rasu, shekara goma sha ɗaya tana ɗinki a ɗakin haya mai taga ɗaya. Da Allah ya hore mata fili a ƙarshen gari, gefen fadama, ofishin filaye ya ba ta takarda. Doka ɗaya aka ja wa layi: ba a gini sai an bar mita talatin daga bakin ruwa, domin fadamar ce ke shanye ambaliya kafin ta gangara unguwannin ƙasa.

Ba ta raina dokar ba. Ranar awo da kanta ta zo, tef ɗin ɗinki a wuya, tare da ƙanenta magini wanda kowa ke ce wa Auta. Tsakiyar rani ne, ruwan ya janye ya bar laka a tsattsage kamar kaushin diddige. Daga inda ruwan ya tsaya ta fara. Tef ɗin mita ɗaya da rabi ne, sau ashirin ta durƙusa tana shimfiɗa shi, Auta na kafa tsinke a kowane ƙarshe.

"Yaya, fili muke aunawa ko wuyan riga?"

"Kai dai riƙe. Wanda ya yanka bai auna ba, shi ke jin kunyar mai yadi."

Da suka cika talatin ta ƙara mita biyu. "Na kalmasa ne," in ji ta, Auta ya yi dariya har tsinken ya faɗi.

Ɗaki biyu ya gina mata. Na gaba shi ne shago, da taga mai faɗi tana kallon fadama, don ta daina sa zare a allura da lalube. Da damina ta sauka, daga kan keken ɗinki ta riƙa ganin ruwan yana tasowa ta cikin ciyayi, yau ya taɓa wancan dutsen, jibi ya rufe shi. Ba ta sake ɗaukar tef ta auna ruwan ba. Labule ta ɗinka wa tagar.

Ƙarshen damina mai awo na ofishin filaye ya zo, saurayi da dogon takalmin roba da gwangwanin jan fenti. Ya gaishe ta da ladabi.

"Mama, wa ya yi miki awo?"

"Ni na yi, ɗan nan. Har da ƙari."

"A wane lokaci?"

Ta ce da rani ne. Ya shiga cikin ciyayin ya buɗe su da ƙafa, sai ga guntun turken siminti, laka ta shafe shi har wuya.

"Daga nan ake farawa, inda ruwa ke kaiwa in ya cika. Na rani ba a lissafa shi."

Ya ja igiyar awonsa. Igiyar ta wuce shagon, ta wuce ɗakin kwana, ta tsaya taku ɗaya bayan bangon ƙarshe. Auta, wanda aka kira daga wurin aiki da siminti a hannu, ya dubi inda igiyar ta tsaya.

"To Yaya, sun bar miki bayan gida. Ba su da rowa."

Babu wanda ya yi dariya. Ita abin da ke cin ta daban. Ba ta taɓa sa almakashi a sabon yadi ba sai ta tambayi mai shi ko an wanke, don ta san yadi yana tsukewa. Ruwa kuwa ta auna shi a tsuke.

"Ba za a duba ni ba?" ta ce. "Ni kaɗai ce, ba ni da wani wurin."

Mai awo ya sunkuyar da kai. "Mama, bara da aka cike wancan gefen da ƙasa, yara biyu ruwa ya ci a unguwar ƙasa."

Ta san su. Uwarsu na kawo mata ɗinki, ita ta ɗinka musu kayan makaranta. Ta matsa daga jikin bangon ya shafa fentinsa, alamar rusau.

Kwana talatin aka ba ta. Auta da ya ɗora kwanon rufin shi ya cire shi, ƙusa bayan ƙusa. Ya ɓalle ƙofa da tagar nan mai faɗi ya jingine su a hanya.

Ranar da katafila ta zo, unguwa ta cika wurin. Wasu na zagin ofishin, wata maƙwabciya na cewa ta kwanta a gaban motar su gani in za su taka ta. Tela ta kwance kan keken daga teburinsa ta naɗe shi a cikin labulen. Tef ɗin yana rataye a ƙusarsa jikin bangon shago. Ta dube shi, ta bar shi.

Da bangon farko ya faɗi, idon kowa na kan ƙurar. Ta ɗora keken a ka, ta bi ta bayan mutane ta hau hanya. Sai can wani ya waiwaya yana tambayar ina mai gidan.