Tsagar Burodin Mama Alice

Tunda su Zinatu suka tare a unguwar Longsight can ƙasar Turawa, maƙwabciyarsu Mama Alice, wata tsohuwa 'yar Ayilan, take aiko musu da burodin garinsu duk Asabar, da ɗuminsa, an tsaga samansa gicciye. Wannan gicciyen ne ya tsaya wa Zinatu a rai, don gani take alamar wani addini ce ba nata ba. Takan karɓa da hannu biyu, ta zuba godiya har da durƙusawa, ƙofa na rufuwa ta marmashe wa tattabarun bayan gida. Tattabarun layin kam sun yi ƙiba.

A shekarar da gwamnati ta matse bakin aljihu aka rage masu zuwa kula da tsofaffi, 'yar Mama Alice ta ce dole uwar ta koma wajenta a Birmingham. Ana gobe tafiya tsohuwar ta dogaro sanda har kicin ɗin Zinatu.

"Hannuna ya daina kwaɓi, 'yata kuma ba ruwanta da girki. Ke za ki gaji yin burodin nan."

Fulawa, gishiri, soda, nono mai tsami, ba yis, ba jiran tashi. Zinatu ta fara murza da ƙarfi kamar kwaɓin cincin, tsohuwar ta buge mata hannu.

"A hankali, ba faɗa kuke ba!"

Da aka zo tsagawa, Zinatu ta tsaya riƙe da wuƙa.

"Tsaga sosai," in ji Mama Alice. "Kakata cewa take albarka ce. Ni dai na san in ba a tsaga ba, cikin ɗanye yake fitowa."

Zinatu ta tsaga, kunya ta rufe ta.

Burodi ya gasu, ƙamshi ya cika gidan. Mama Alice ta gutsura ta tura mata.

"Magungunan likita sun kashe min harshe. Ke da kika saba cin nawa, ɗanɗana ki faɗa min gaskiya, ya yi kama?"

Zinatu ta kai baki. Daɗi kam akwai, amma da me za ta gwada? Ba ta taɓa kai na tsohuwar baki ba.

"Iri ɗaya ne, Mama," ta ce, kanta a ƙasa.

Tsohuwar ta kama hannunta mai fulawa ta riƙe gam.

"To, na tafi da kwanciyar rai. Duk layin nan ke kaɗai kika san ɗanɗanonsa."