Murfi Ɗaya da Ya Zuba wa Shafi'i

...kuma ai murfin kwalba ɗaya ne kacal Uwaisu ya zuba masa. To don me har an kira azahar Shafi'i bai motsa ba? Ga shi nan kan tabarma, baki buɗe, yana wani irin minshari kamar bijimin da aka kayar a mayankar Oko-Oba. Ya ja, ya tsaya, ya daɗe... ya sake ja.

Kafin korona ba haka ake yi ba. Kullum da safe sai Uwaisu ya hau motar danfo zuwa asibiti, nas ta auna masa maganin rabuwa da tiramol, ya shanye a gabanta, ya buɗe baki ta duba. Wulaƙanci ya ɗauki abin a lokacin. Wallahi yau da za a maido da layin asibitin nan, ko da rarrafe zai je. Sai aka kulle Legas, aka miƙo masa kwalba ta taga, wai ya tafi gida ya riƙe kansa. Shi? Mutumin da ya sayar da wuƙaƙen sana'arsa saboda ƙwaya? Nas ta ce, "Naka ne kai kaɗai, Uwaisu, da jikinka aka auna." Ya ji. Ya ce to.

Amma Shafi'i fa — ɗaki ɗaya, kwano ɗaya, tun suna dakon nama a kafaɗa. Masu sayar da ƙwaya sun ɓace, ɗan'uwa na birgima a ƙasa, ga gumi, ga amai, yana kiran Ummarsa da ke Gusau... a ce masa me? Nas ta hana? A Agege ko ɓarin goro ba ka ci mutum na kallonka. Da wane ido zai koma cikin mahauta, a ce Uwaisu ya yi rowar magani?

Ga lambar nas a waya. In ya kira, dole ya faɗa. In ya faɗa, sun karɓe kwalbar, sun sallame shi, ya koma kwana ƙarƙashin gada. Tsoro yake ji, tsoro tsagwaronsa. Leɓen Shafi'i — dama haka launinsa yake?

Yana dannawa. Tana shiga... ba a ɗauka... tana shiga. Yana toshe ɗaya kunnen don ya ji nas da kyau, sai kuma ya sauke hannun a hankali. Me zai toshe? Ɗakin tsit yake. Minsharin fa — tun yaushe ya daina jin minsharin?