Wakili Ba Ya Zubar da Ruwa

A shekarar da rijiyoyin Burkusuma suka ƙafe, ƙafafun tsoho Wakili ma suka yi masa tawaye. In ya miƙe zai taka, sai ka ce an shafa wa ƙasa ƙaro. Ga mantuwa, ga fitsari na riga shi. Abu guda ne bai manta ba, tattalin ruwa: ko na alwala a ƙwarya yake tarewa ya ba maraƙi.

'Ya'yansa suka yanke shawarar kora shanu kudu neman ciyawa, shi kuwa a bar shi gida. Mutumin da ya tsufa a gaban garke! Baƙin ciki ya hana shi shan fura.

"Tsufa na, Baffa," in ji babban ɗansa Jibrilla.

"Uwarka ma tsohuwa ta, ga ta can tana tsere da awaki."

Uwar, wato Fadima, ba ta iya zaman jiran tsammani ba. Ta sa aka kai shi asibiti Sakkwato.

Likita ta ɗauki hoton kansa, ta ce, "Baba, ƙwaƙwalwa cikin wani ruwa garau take kwance. Kullum jiki na yin sabo, tsohon na tsiyayewa cikin jini. Da tsufa magudanar kan toshe, ruwan ya taru ya danne inda ke sarrafa tafiya."

Ta zuƙi kaɗan da allura ta gadon bayansa. Kafin la'asar Wakili na zagaye ɗakin, Fadima na dariya tana cewa a tare mata shi.

"Wannan sauƙin na kwana biyu ne," in ji likita. "Sai an sa siririn bututu ya riƙa janye ruwan."

"Ina wanda kika ɗiba?"

"An auna, an zubar."

Wakili ya saki salati. "Cikin wanga fari? Shanu na lasar laka, ni ko a huda ni a yi ta ɓarna? Ba da ni ba!"

Lallashin duniya ya ƙi, ya juya wa bango fuska. Fadima ta san kayanta. Ta ɗaga murya ta ce, "Likita, bututun ga, ina za shi kai ruwan?"

"Cikin cikinsa. Jiki ya shanye abinsa."

"To ka jiya, maigida. Daga tulu zuwa randa."

Wakili ya juyo a hankali. "Ko ɗigo ba shi faɗuwa ƙasa?"

"Ko ɗigo."

Nan ya yarda, aka sa masa bututun. Kafin ya warware daga aikin, shanu sun tashi, sun yada zango bayan garin Isa. Wata safiya Jibrilla na tatsa, sai ya ga shanun sun ɗaga kai gaba ɗaya suna kuka. Ya waiwaya. Ga Wakili tafe da ƙafarsa, sanda gicciye a kafaɗa. Can baya Fadima ce da ƙwarya a ka, tana haki tana kira, "Maigida, don Allah ka jira ni!"