Kujerar Kawun Amarya

Tun da Baoguo ya koma Shanghai ya fara sa takalmi mai sheƙi, jirgin ƙasa ya zama abin talakawa a wurinsa. Yayarsa Shufen ta roƙe shi ya taho Jinan tun jajibirin bikin 'yarta, sai ya yi mata dariya a waya.

"Haba Yaya, in yi rabin yini a zaune da masu cin taliya a kofin takarda? Jirgin sama ko awa biyu ba ya yi. Kafin ki gama kwalliya na sauka."

Lissafinsa daga gajimare zuwa gajimare ne. Bai sa tafiyar filin jirgi ba, bai sa layin bincike ba, balle ruwan damina da ba ya shawara da kowa. Haka yake tun yana yaro, wayon baki kawai.

A danginsu kuwa ba a fara komai sai kawun amarya ya zauna a kujerar girma, an juya masa kan kifin da ke faranti don girmamawa. Kuma auren budurwa kafin rana ta take ake gama shi. Wanda ya zarce haka, na bazawara ne.

Hantsi ya wuce, kujera ba kowa. Ƙanwar uban ango, wadda ta taso daga wannan Shanghai ɗin a jirgin ƙasan asuba, har ta cinye farantin gyaɗa. Uwar ango ta matso tana wani murmushi.

"Surukata, mu ba ma sauri. Mutane ne dai, kin san bakinsu. Kada su ce yarinyar ta taɓa shiga wani ɗakin."

Shufen ta hango 'yarta cikin jan kaya tana murza yatsu, sai takaici ya cika ta. Ta kira Baoguo ta bidiyo. Ga shi nan a ɗakin jiran manya na filin jirgin Shanghai, ya ɗora ƙafa kan ƙafa, ruwa na dukan gilashin bayansa.

"Yaya, ku ɗan jira. Da mun tashi, kamar mun iso ne."

"Ai ka iso," in ji ta.

Ta ratsa tebura, ta jingina wayar da kwalbar giya a gaban kujerar girma. Ta kama farantin kifi ta juya kansa ya kalli fuskar Baoguo.

"Kawun amarya ya zauna. A fara."

Aka saki ganguna. Ango da amarya suka rusuna wa iyaye, suka zo suka rusuna wa wayar, rana ba ta kai tsaka ba. Yara na ta ƙyaƙyata dariya.

"Yaya, wannan ai wulaƙanci ne," muryarsa ta fito 'yar siririya daga gefen kwalba. "A aje min kan kifin nan, nawa ne."

"Sa hannu ka ɗauka," ta ce, ta kife wayar a kan tebur.