Gonar Lahsen a Cikin Kaset

Sati shida da rasuwar mijina Lahsen, ina cikin fararen kayan takaba, na tafi kasuwar kayan lantarki ta Derb Ghallef da na'urar wasansa a jaka.

Shekara uku ya yi yana zuwa wankin ƙoda, awa huɗu a kwance. A can ya koyi wasan. Na'urar tsohuwa ce, ba ta fi tafin hannu ba, da kaset guda da ake tura mata ta baya. Wasan noma ne. Ya sa wa gonar sunan ƙauyenmu, ya dasa zaitun yadda na babansa suke a jere, ya sa wa wata saniya mai taurin kai sunana, Zuhur.

'Yarmu Nezha ta ga gilashin ya fara dushewa, ta sayo sabuwar na'ura don mu mayar da gonar can. Muka tura kaset, ta ƙi shi. Wannan ne ya kai ni wajen Si Bushaib mai gyara, wanda ya sayar wa Lahsen kaset ɗin.

"Allah ya ji ƙan Si Lahsen," in ji shi, yana kirana Lalla don girmamawa. "Lalla, ba zan ɓoye miki ba, kaset ɗin kwafi ne. Sababbin na'urori suna neman shaidar kamfani, in babu sai su ƙi. Tsohuwar ce kaɗai ba ta tambaya."

Ya buɗe kaset ɗin, ya auna wani ɗan batir mai kama da maɓallin riga.

"Wannan ne yake riƙe da gonar, kuma ya kusa ƙarewa. In ya mutu ta tafi. In na cire shi ma ta tafi."

"To yaya ke nan?"

"Sai in canza shi na'urar tana kunne, ita tana ba kaset wuta. Minti biyar. Amma in wutar ta yanke ko na ƙiftawar ido, shi ke nan."

Batirin na'urar kanta ya daɗe da mutuwa, a bango Lahsen yake jona ta kullum. Shaguna huɗu kuma wayar wuta guda suke ja, da soket ɗaya a ƙasa tsakanin ƙofofi. Si Bushaib ya leƙa ya ce kada kowa ya jona komai. Biyu suka amsa. Maƙwabcinsa Mbarek mai sayar da rigunan waya ya tafi salla, bai ji ba.

Si Bushaib ya kunna. Gonar ta fito, ban iya kallo ba. Ya ɗauki ƙarfen narka dalma da dama, hantsaki da hagu, zaren dalmar a bakinsa. Na ga tsohon batir ya ɗago, ya faɗo kan tebur.

Sai ga Mbarek da butar shayi ta lantarki.

"Bushaib, kai dai da rowa aka haife ka. Baiwar Allah tana takaba, tana tsaye a ƙofarka, ko shayi babu? Lalla, ki yi haƙuri da shi, ko uwarsa ce ta zo sai ta kawo sukarinta."

Si Bushaib ya zaro ido. Bakinsa a cike, hannuwansa ba su isa su motsa ba.

"Na gode, Si Mbarek, na sha a gida," na ce.

"Na gida daban. Na'ana'ar nan da safe aka tsinko ta."

Ya sunkuya wajen soket ɗin. Tunda aka haife ni ban taɓa mayar wa mutum shayinsa ba, ga shi ina takaba, a tsakiyar maza. Na taka na ɗora ƙafata a kan soket ɗin, silifas ɗina ya taɓa yatsunsa.

"In ka jona, wutar za ta ɗauke. Gonar mijina tana cikin abin nan."

Ya dube ni, ya dubi teburin. Ya miƙe a hankali, ya rungume butar a ƙirji, ya tsaya kusa da ni. Wani ya zo da cajar waya, Mbarek ya ce masa, "Wuce, ɗan'uwa, yau ba wuta."

Hayaƙin dalma ya tashi sau biyu. Si Bushaib ya tofar da zaren, ya goge goshi.

"Saura gwaji. Sai an kashe an sake kunnawa. Ke za ki yi, Lalla, ni ba zan iya ba."

Na yi bismillah na kashe. Gilashin ya yi baƙi, na ga fuskata a ciki. Na kunna.

Sunan ƙauyenmu ya fito. Zaitun suna nan. Zuhur tana tsaye a bakin shinge ta juya baya, amma shukar da Lahsen ya bari duk ta yi yaushi.

"Batirin shekara biyar zai yi, ko shida," in ji Si Bushaib. "Ki lallaɓa tsohuwar, babu wata da za ta karɓi kaset ɗin."

Mbarek ya jona butarsa, wutar layin ta ɗauke gaba ɗaya. Da ta dawo na sake kunnawa, gonar tana nan. Na miƙa wa Si Bushaib na ce ya nuna min inda ake danna ban ruwa.