Ƙofar Baya ta Gidan Baldassare

Tun farkon bazara Nunziata ta ɗauki fita bayan abincin rana. Ta ce wa mijinta Tindaro coci take zuwa. To, a coci turare ake ƙonawa, ita kuwa gyalenta warin hayaƙin itacen zaitun yake yi in ta dawo. Ana haka sai magana ta fara yawo a garinmu, wai an gan ta tana shiga ta ƙofar baya a gidan abincin Baldassare, mai gasa fiza, wato burodi mai faɗi da ake zuba wa miya. Kowa kuma ya san Baldassare ya nemi aurenta kafin Tindaro. An tsufa, amma mutane ba sa mantuwa da irin wannan.

Maganar ta kai kunnen Tindaro. Ran Asabar da yamma ya ce kowa ya shirya, a waje za a ci.

'Yarsa Agatina ta ce, "Baba, kai da ka ce marar gida ne ke cin abinci a waje?"

"Na ce ku shirya."

Gidan Baldassare ya kai su. Ni ina teburin kusa da nasu, a ƙarƙashin rumfar inabi. Wurin cike yake kamar kullum, don ko lebura yana iya kawo iyalinsa. Yara na ta zagaye tebura, iyayensu ba mai tsawatarwa. Baldassare ya baro bakin tanderu, fulawa har gwiwar hannu.

"Tindaro! Ashe kana raye? Na zaci ƙofata ce ta yi maka kaɗan."

"Na zo in ga abin da ke jawo mutane ne."

Yana magana, idonsa na kan matarsa. Ita ta duƙufa tana gyara wa jikanta riga.

Aka kawo fiza, kowa da tasa. Tindaro ya yanka, ya kai baki, ya daina tauna. Akwai ɗan ɗacin ɓawon lemo a miyar tumatirin. Duk garin mace ɗaya ce ke sa shi, kuma a gidan Tindaro take.

"Wa ya dafa miyar nan?"

"Matata Liboria mana, wa kuma?" in ji Baldassare, da sauri fiye da kima.

Nunziata ta ce, "Maigida, ci abincinka, zai huce."

Ya ajiye wuƙa ya miƙe, ya nufi kicin. Baldassare ya so tare shi, Tindaro ya ture hannunsa. Hira ta tsaya cak a kowane tebur.

Abin da ya tarar a ciki sai bayan shekaru ya gaya mini. Liboria ce zaune a kujera kusa da tukunya, hannunta na dama a kan cinya, ko motsi ba ya yi. Tun ƙarshen sanyi ya shanye.

Ta ce, "Ni na roƙi matarka ta riƙa dafa mini miyar, Tindaro, ni na sa ta rantse. In garin nan ya ji ba ni ke dafawa ba, gobe za su ce ɗanɗano ya canza, su koma wancan gidan na bakin titi. Ka rufa mana asiri."

Ya fito. Wani maƙwabcinsa mai dogon baki ya ɗaga murya, "Dattijo, me ka gano?"

In ya faɗa, ya wanke matarsa ya kashe gidan Baldassare. In ya yi shiru, maganar ta zauna a kanta. Ya daɗe a tsaye yana duban mutane ɗaya bayan ɗaya.

"Na gano itacensu ɗanye ne," ya ce. "Daga gobe ni zan riƙa kawo musu busasshe daga gonata, kullum bayan abincin rana, ni da matata tare. Mai magana ya same mu a ƙofar baya."

 Ya koma ya zauna, ya jawo farantinsa. Nunziata ta taɓa hannunsa a ƙarƙashin tebur.

Ya ce mata a hankali, "Kada ki yi murna tukuna. Inda zan riƙa ganin Baldassare zan ajiye kujerata."